Ƙusa Mai Ƙahon Rago

Ranar Litinin da hantsi labari ya iso garejin da ke bayan kasuwar shanu a Maiduguri, cewa motar Hajja Kaltumi ta afka cikin gonar shinkafa a hanyar Zabarmari. Direbanta Gana ya karye a hannu, ita kuwa Hajja ta fashe a goshi, Allah dai ya yi da sauran kwana. Gana ya ce ya zo kwana ya tarar da amalanke a gabansa, ya taka kuloci, sai ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta, mota kuma ta ci gaba da ja. Kafin azahar kowa a garejin ya gama yanke hukunci. Thomas ne.

Motar tsohuwar Fijo 404 ce mai giya a jikin sitiyari, wadda marigayi mijin Hajja ya saya tun kafin yaƙin basasa. A shekarar 1985 da wannan abu ya faru, kayan gyaranta sun yi wuya ƙwarai, sai dai bakanike ya ƙera da hannunsa. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa shiga ƙarƙashinta sai Audu, dattijon garejin. To a 'yan watannin nan giya ta uku ta riƙa fita da kanta ana cikin tafiya. Sau uku Audu yana gyarawa tana komawa. Hajja ta gaji, ta sa aka tura motar rumfar Thomas, wani mutumin wajajen Biu da bai fi shekara biyu da zuwa garejin ba.

Yini ɗaya da rabi Thomas ya yi a ƙarƙashinta. Ya yanko sabbin robobi daga tsohuwar taya ya sa a gaɓoɓin sandar giya, ya miƙar da sandar kuloci da ta ɗan lanƙwashe. Ranar Asabar Hajja ta zo aka zagaya da ita, ta sauko tana murmushi, ta ce a gaban kowa, "Rabon da in ji motar nan haka tun maigidana yana da rai." Ta bar ta a garejin a sake mata baƙin mai, ta ce Gana zai ɗauka Litinin da safe.

Ya'akubu shugaban gareji bai ɓata lokaci ba. Ya ce ranar Laraba da la'asar Thomas ya kwashe kayan aikinsa ya bar wurin. Kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi: bakaniken da aka kora kan ya kusa kashe mutane, ko keke ba wanda zai sake ba shi a garin nan.

* * *

Da yamma Hajja ta aika a kira mata Abakar, wanda ake ce wa Ba Abakar don girmamawa. Dattijo ne dogo, mai 'yar furfura, ɗan uwan marigayi mijinta. A da makiyayi ne, kuma a duk ƙasar da ke tsakanin Konduga da bakin tafki ba wanda ya kai shi bin sawun shanun sata. Da fari ya cinye garkensu sai ya dawo birni yana dillancin dabbobi.

Ya same ta a tsakar gida da ɗauri a goshi.

"Hajja, ni sawun shanu na sani," ya ce. "Mota ba ta da kofato."

"Amma wanda ya taɓa ta yana da hannu," in ji ta. "Ba Abakar, na zauna a motar nan ranar Asabar. Mai aikin ganganci ba ya irin wannan gyara. Matar Thomas, Dorothy, ta zo nan ɗazu, ba ta roƙe ni komai ba, sannu kawai ta yi mini ta tafi tana share ido. Ba na son a raba bawan Allah da abincinsa a kaina alhali ban tabbata ba."

Abakar ya ce zai duba. A ransa kuwa bai so aikin ba, don garejin nan gidansa ne na biyu. Shekara goma sha biyar kullum shi da Audu suke cin abincin rana a kwano ɗaya a ƙarƙashin bishiyar maina, wato darbejiya.

* * *

Washegari da sassafe ya hau motar kasuwa ya sauka a hanyar Zabarmari. An riga an jawo Fijon daga gona, mutane sun tattake wurin kamar an ci kasuwa. Abakar bai ko tsaya a nan ba. Ya koma baya, yana tafiya a gefen hanya hannuwa a baya, har ya fita daga inda 'yan kallo suka ɓata.

Nan ya ga abin da yake nema. Tsakanin sawun tayoyin akwai wani siririn layi a cikin yashi, inda sandar kuloci ta faɗo tana jan ƙasa. Ya bi layin nan da baya da baya, taku arba'in da wani abu, har inda ya fara. Ya tsuguna ya shiga tace yashi da yatsu.

Wani manomi da ke wucewa da lauje ya tsaya yana kallonsa. "Baba, allura ka yar?"

"Kusan haka," in ji Abakar.

Rana ta fara zafi kafin ya same shi: wani gajeren ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa, wanda ke haɗa sandar kuloci da abin takawa. A ƙarshensa akwai ɗan rami inda ake zura wata 'yar ƙusa mai ƙafa biyu don kada ƙarfen ya zame. Ƙusar ta gutsure, amma ƙafarta ɗaya tana nan maƙale a cikin giris. Abakar ya goge ta da bakin riga. Fara ce tas, kuma da ya danna ta da farce sai ta lotsa. An nannaɗe bakinta ciki, an murɗa shi kamar ƙahon rago. Ya ƙulle ta a hankici ya jefa aljihu.

* * *

Ya tarar da Thomas zaune a kan akwatin kayan aikinsa. Rumfar ba mota ko ɗaya, waɗanda ke ciki duk masu su sun kwashe.

"Baba, sannu da zuwa," ya ce, ya miƙe ya ba shi kujera.

Abakar ya kwance hankicin. Thomas ya ɗauki 'yar wayar ya juya ta, fuskarsa ta canza.

"Wannan ba ƙusa ba ce, wayar lantarki ce aka lanƙwasa. Ba ta da ƙarfi, in an taka kuloci sau ɗari za ta cinye. Ni ta ƙarfe na sa, sabuwa, daga shagon Inuwa na karɓo."

"Ranar Lahadi kana ina?"

"Coci, Baba, tun safe. Ban dawo gareji ba sai Litinin."

"Wa ke jin haushinka?"

Thomas ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka tambayi wanda ba ya ji. Gana ya daina gaishe ni tun da na gaya wa Hajja yana ɗora ƙafa a kan kuloci yana tuƙi, shi ke cinye mata shi. Inuwa kuma yana cewa na kashe masa kasuwa, wai ina yanka taya maimakon in sayi kaya."

"Audu fa?"

"Baba Audu? Haba. Shi ne ma ya ara mini sifanar da na kwance sandar."

* * *

Gana yana Yerwa, cikin tsohon gari, a gidan ƙaninsa, hannu a ɗaure da karare. Da jin tambayar Abakar ya tashi zaune.

"Ba Abakar, kana nufin ni na kwance wa kaina kuloci na shiga na tuƙa? Mahaukaci ne ni?"

"An ce ranar Lahadi an gan ka a gareji."

"Na je. Na je ɗaukar hulata da na manta a mota. Kuma e, ina jin haushin yaron nan. Shekara goma sha biyu ina jan Hajja, ya zo jiya jiya ya ce mata ban iya tuƙi ba. Da zan samu dama da na mare shi. Amma ka dubi hannun nan." Ya ɗaga shi ya yamutsa fuska. "Wa zai yi wa kansa wannan?"

"Wa ka gani a garejin?"

"Ba kowa. Sai Baba Audu yana alwala a bakin rumfarsa, shi da ko ranar salla sai ya leƙa."

Inuwa mai shagon kayan gyara shi ma bai ɓoye ba. Ya ce in aka kori Thomas ba zai yi kuka ba. Amma ranar Lahadi yana Konduga wajen suna, mutum hamsin sun gan shi, kuma Abakar ya lura da hannuwansa: tas suke, ba alamar ya taɓa riƙe filaya a rayuwarsa.

* * *

Da azahar Abakar ya zauna ƙarƙashin maina, Audu ya buɗe kwanon burabisko da miyar kuɓewa. Daga inda suke ana hango Fijon da aka jawo aka ajiye, gabanta duk laka.

"Dube ta," in ji Audu. "Dube ta don Allah. Shekara ashirin ko ƙwarzane ban bari ta samu ba."

"Mota ce fa, Audu, ba 'yarka ba."

"Kai ba za ka gane ba. Ranar da Alhaji mijin Hajja zai rasu ni ya kira, ya ce Audu ga motar nan. Ko daga nesa ta yi tari na san abin da ke damunta. Sai a wayi gari a tura ta rumfar wani a gaban idona, su wuce ta nan, ta gaban ƙafata. Kuma ka ji abin da Hajja ta faɗa? Tun maigidanta yana da rai. To ni duk shekarun nan me nake yi? Wasa da laka?"

Ya ture kwanon. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Abakar ya gane sarai, fiye da yadda Audu ke zato. Bara waccan da aka sace shanu a Konduga, dillalai suka tsallake shi suka kira wani Mukhtari, wai idonsa ya fi kaifi. Abakar yana tsaye ya ga Mukhtarin ya ɗauki sawun da ba shi ba, ya yi shiru ya bar shi ya ɓata rabin yini, kuma wallahi daɗi ya ji a ransa. Har yau in ya tuna kunya ce ke kama shi.

Abakar ya miƙe. Ya wanke hannu ya nufi kekensa da ke jingine da bishiya. Ya kama hannun birki zai hau, sai idonsa ya faɗa kan 'yar ƙusar da ke riƙe da sandar birkin. Audu ne ya sa masa ita bara. Ƙafafunta biyu an nannaɗe su ciki, kowace kamar ƙahon rago. Kullum sai ya gan ta, bai taɓa kallonta ba.

Ya tura keken bai hau ba.

Duk yammacin ranar ya yi shi yana yawo a tashar mota da bakin kasuwa, yana rarrafe ƙarƙashin tsofaffin motoci, direbobi na yi masa dariya. Kowace ya tambayi wa ke gyara ta. Aikin Thomas an ware ƙafafun ƙusa ɗaya nan ɗaya can. Na sauran makanikai wasu sun lanƙwasa ƙafa ɗaya sun bar ɗaya a tsaye. Motoci bakwai ya samu masu ƙahon rago, kuma duk bakwai ɗin suna ɗaya aka ba shi. Ya so ƙwarai a ce ko guda ɗaya ta fito daga wani hannun.

* * *

Ranar Laraba da la'asar aka taru a rumfar Ya'akubu. Hajja na kan kujera, makanikai sun yi da'ira. Thomas ya riga ya ɗaure akwatinsa da igiya. Gana ya zo da hannunsa a rataye, Inuwa ya rufe shago. Audu yana gefe a kan benci.

Abakar ya ajiye gajeren ƙarfen a kan tebur, ya faɗi inda ya tsinto shi da yadda aka musanya ƙusar ƙarfe da waya. Amma 'yar wayar ya bar ta a ƙulle cikin hankici.

"Saniya takan ɓata sawunta in ta shiga ruwa," ya ce, "amma yadda take jefa ƙafa ba ya canzawa. Ga ƙusoshi sabbi, ga filaya. Kowa ya zura ɗaya a ƙarfen nan ya lanƙwasa yadda ya saba."

Thomas ya fara, ya ware ƙafafun ɗaya nan ɗaya can. Inuwa ya yi ta fama har filaya ta cije masa yatsa, aka yi dariya. Gana ya ce a ba shi hannu tukuna. Makanikai huɗu suka yi nasu. Sai Abakar ya ɗauki filayar ya miƙa wa Audu.

"Ba Abakar, har da Baba Audu?" in ji Ya'akubu. "Wannan ai cin fuska ne."

"Har da shi."

Audu ya dubi abokinsa, Abakar bai kawar da ido ba. Nan take Audu ya san an gano shi, kuma ya san hanyar tsira a buɗe take: ya ware ƙafafun ƙusar kamar kowa ya koma bencinsa. Abakar ma ya san da haka. Shi ya bar masa ƙofar, kuma bai san wanne yake fata ba.

Audu ya zura ƙusar. Ya kama ƙafa ɗaya ya ja ta gefe irin yadda Thomas ya yi. Ya tsaya yana kallon bakinta a tsaye, tsini a waje, ga makanikai ashirin da rabinsu a hannunsa suka koyi aiki suna kallonsa. Sai ya ja tsaki, ya mai da filayar ya nannaɗe ƙafar ciki, ya nannaɗe ɗayar, ya ɗan bubbuga su suka kwanta. Ya shafa babban yatsansa a kai, ya ajiye a tebur.

Abakar ya kwance hankicin ya ajiye 'yar wayar kusa da ita. Ba wanda ya buƙaci bayani.

"Shekara arba'in ina hana mutane barin tsini a ƙarƙashin mota," in ji Audu, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wanda zai sa hannu bayanka ɗan adam ne, bai kamata ya yanke ba. Ko ranar Lahadin ban san na yi ba, hannuna ne ya yi."

"Audu," in ji Hajja. "Kai?"

"Ni ne, Hajja. Na ɗauka a cikin gari za ta saki, a bakin kasuwa, mota ta tsaya a yi masa dariya a dawo mini da ita. Ban san Zabarmari za ku ba. Ba zan ce shaiɗan ba ne. Hassada ce, tun ranar Asabar ta hana ni cin abinci."

"Da a bakin kasuwar ta saki a gaban 'yan talla fa?" in ji Gana. "Kuma kwana uku kana zaune kana kallo ana korar bawan Allah."



Thomas ne ya matso kusa da Audu. Kowa ya zaci zagi zai yi, kuma da ya yi ba wanda zai ga laifinsa.

"Baba," ya ce, "ka san abin da ya sa na gama ta a yini ɗaya da rabi? Duk gaɓar da na kwance a jikin motar nan na tarar da ita daidai. Ban da sandar kuloci da ta ɗan lanƙwashe, abu ɗaya ne kawai ya rage, robar da ke can bayan inji, inda sai mai ƙaramin hannu yake kaiwa. Sauran duk aikinka ne. Na so in faɗa a gaban Hajja ranar Asabar, sai yabon ya yi mini daɗi na yi shiru."

Sai a nan Audu ya rufe fuska da hularsa.

Hajja ta ce ba za ta kai maganar wurin 'yan sanda ba, saboda marigayi, amma jinyar Gana tana wuyan Audu, kuma kada ya sake taɓa motarta. Ya'akubu ya ce hukuncin da aka yanke wa Thomas yana nan, mai ɗaukarsa ne kawai ya canza. Thomas ya durƙusa ya kwance igiyar akwatinsa.

* * *

Ba wanda ya taya Audu kwashe kaya sai Abakar. Suka ɗora akwatin a bayan keke, Abakar na turawa, Audu na riƙe da gefe. Suna tafe har suka zo daidai Fijon. Nan Audu ya tsaya. Ya ɗaga hannu kamar zai share lakar da ke kan fitilarta, sai ya tuna, ya mai da hannun aljihu.

"Da ka ware ƙusar nan da ba ni da hujja," in ji Abakar.

"Na sani."

Suka ƙara 'yan taku. A bakin ƙofar gareji Audu ya sake tsayawa, bai waiwaya ba.

"Gobe in ka shigo, ka gaya wa yaron nan giya ta biyu ba ta son gaggawa da safe. Ya bari inji ya yi ɗumi tukuna."

Abakar ya ce zai gaya masa, ya gyara riƙon keken suka fita titi.